Ƙaton baƙin ƙudan nan mai huda iccen rumfa, a kashe shi ko a bar shi?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nika nema wurin masu sani, musamman kafintoci da manoma. Muna da wata rumfa tsakar gida nan Mabera cikin Sakkwato, ruhin kwano ne amma rafta da ginshiƙai duk icce ne, nan yara ka karatun allo da marece, nan kuma tsohuwarmu ka zama in zahi ya yi yawa. To tun shigowar bazara wani ƙaton ƙwaro ya addabe mu, baƙi ƙirin mai sheƙi, ya hi ƙudan zuma girma nesa ba kusa ba, akwai gashi ruwan ɗorawa ga doronshi, in shina tashi tun daga zaure kana jin ruguginshi. Da na duba ƙarƙashin rafta sai na iske ramuka zagaye tsaf, ƙaramin yatsa na iya shiga, kullum da sahe kuma sai an share garin katako bisa tabarma, ga wani ɗigo rawaya da ka ɓata bango daidai bakin ramin. Akwai kuma wani daban, shi duk jikinshi rawaya ne, sai ya zo ya tsaya cak cikin iska daidai huskar mutum shina ƙugi, shi ne yara sunka hi tsoro, ƙaramar ma ta daina zama wurin sam.

Maƙwabcina ya ce in sawo fiya-fiya in ɗura cikin ramukan da dare in toshe, magana ta ƙare. Tsohuwa kuma ta ce ahir, wai dangin ƙudan zuma ne kuma ba a kashe ƙudan zuma. Ni kuma tsoro na biyu ne, kar ya harbi yaro, kar kuma rumfar ta rubzo ma mutane wata rana. Cin iccen yaka yi ne? Akwai zuma ciki? Mi ya kamata in yi? Allah saka da alheri.

Kafintan Gidan Igwai:

Wa alaikumus salam Malam. Wanga ƙwaro duk mai aikin ruhi ya san shi. Abu na hwarko ka kwantar da hankalinka, ba gara ba ce, gara ita ka cinye cikin icce tas ta bar maka ɓawo, kuma za ka ga lakar da ta lulluɓe hanyarta da ita. Ƙananan ƙwarin nan da ka huda gora su bar gari mai laushi su ma daban ne, ramukansu mitsi-mitsi ne birjik. Shi wanga rami guda yaka yi babba mai tsabta, kuma kusan kullum ta ƙarƙashi ko ta gehe inda ruwa ba ya duka.

Amma fa kar wani ya ce maka ba ya ɓarna. Abin da kake gani ƙofa ce kawai, in ya shiga misalin gaɓar yatsa sai ya karya kwana ya bi tsawon iccen, na sha tsaga tsohon rafta in iske hanya biyu ko uku jere da juna, wata taƙi guda wata har ta hi kamu. Shekara guda ba ta kada rumfa, wannan gaskiya ne, matsalar ita ce ba su barin gidan da sunka saba, bana uwa ta haƙa baɗi ɗiya su dawo su ƙara tsawo su hidda reshe, to tubaitu ɗin da anka yi ma rami huɗu biyar wuri guda ranar da iskar hwarkon damina ta taso nan wurin za ya karye, kuma kun san iskar garin ga ba ta wasa da kwano.

Laihin rabi na katakon ne. Farin katakon nan mai taushi da ake kawowa daga kudu shi sunka hi so, da busasshen dogon yaro da gora, musamman in an kafa su haka nan tsirara ba fenti ba komi. Jan katako mai nauyi da kirya da azarar giginya mai ƙwari ba kasafai suke samun yadda suke so da su ba. Mutane sai su kashe kuɗi su sayi kwano mai tsada amma su ƙi sayen galan guda na fenti, ni abin ga na ba ni haushi wallahi.

Ni dai abin da nika yi ma mutane shi ne a bari sai dare sun shige, a sa magani, a buga fegi a toshe, sannan a shahe iccen duka da baƙin mai ko fentin mai. Ka ɗauki guduma ka bi raftan kana ƙwanƙwasawa, wanda ka ji ya yi amon holoƙo canza shi za a yi, ba maganar gyara.

Malamin Gona:

Salam. Ɗan'uwa maganar tsohuwa tana kan hanya, Allah ya ƙara mata lafiya. Dangin ƙudan zuma ne, masana na kiran zuriyar tasu Xylocopa, akwai iri wajen 500 a duniya kuma mafi yawansu a ƙasashe masu zafi suke. Yadda ka kwatanta ɗin nan, baƙa mai gashi ruwan ɗorawa a doro da kuma wani rawaya gaba ɗaya, ba ƙwari biyu ba ne, mace ce da namijinta. Haka siffar Xylocopa pubescens take da 'yan'uwanta na kusa, ita wannan ana samunta tun daga yankinmu na Sahel har Masar da Gabas ta Tsakiya, kuma suna da juriyar zafi sosai shi ya sa kake ganinsu suna yawo a bazarar Sakkwato lokacin da sauran ƙwari sun lafe.

Bari in fara da abin da ya fi damunka. Rawayan nan da yake tsayawa a fuskar yara ba shi da ƙari ko kaɗan, ko a tafin hannu ka riƙe shi ba abin da zai iya yi maka, duk namijin ƙudan zuma da na rina da na zanzaro haka suke, mata ne kawai ke harbi. Tsayuwar da yake yi gadin fili ne, yana jiran mace yana korar sauran maza, duk abin da ya gitta sai ya zo ya duba. Baƙar ita tana da ƙari kuma da zafi, har ma tana iya maimaitawa don nata ba ya maƙalewa a fata ya kashe ta irin na mai zuma, amma ba ta da faɗa, sai an kama ta ko an danne ta ko an zura yatsa a raminta. Kuma ba su da sarauniya ba su da runduna, ba za su taɓa tasowa su rufe mutum ba yadda na amya ke yi.

Zuma babu. Cin itace ma ba ta yi, garin da kuke sharewa shi ne shaida, da muƙamuƙi take gurzawa ta turo waje, abincinta ruwan zaƙin fure ne da garin fure. Abin da ke cikin ramin ɗakin haihuwa ne. In ta gama haƙa sai ta tafi can ƙarshe ta tara garin fure ta kwaɓa da ruwan zaƙi ta yi curi, ta saka ƙwai ɗaya a kai, sai ta tauna garin katako ta yi bango ta rufe, ta sake wani curin ta sake wani bangon, in ka tsaga za ka ga ɗaki bayan ɗaki kamar gaɓoɓin kara. Ɗakunan ba su da yawa, galibi ba su kai 10 ba, ƙwan nata kuwa yana cikin mafi girma a duk ƙwari, na wasu irin yana kai santimita 1.5. Ka ga ke nan ba masu hayayyafa da yawa ba ne, in an bi su da magani unguwa guda ana iya ƙarar da su cikin ɗan lokaci. Wani lokacin za ka ga ɗaya ta toshe ƙofar ramin da jikinta tana gadi ɗayar ta fita kiwo, uwa da 'yarta ne ko 'yan'uwa, don tururuwa da sauran masu satar curin.

To a nan ne nake roƙon Malam Kafinta ya yi haƙuri, duk abin da ya faɗa kan katako gaskiya ne ban da zancen magani. Wannan ƙudan yana yi mana aikin da mai zuma ba ya iyawa. Furen gauta da yalo da tumatir garinsu a kulle yake cikin 'yan bututu, ba ya fitowa sosai sai an girgiza, ita sai ta rungume furen ta kaɗa naman ƙirjinta ba tare da ta tashi ba, za ka ji ƙarar ta canza ta yi siriri, garin ya zubo mata a ciki ta kai wani furen. Ƙudan zuma na amya bai iya wannan girgizar ba sam. A Turai tun wajen 1987 suke kiwon wani ƙudan mai gashi da ake kira Bombus suna sayar wa masu noman tumatir a rumfunan gilashi don wannan aikin kaɗai, kuɗi suke biya, mu kuma nan kudu da Sahara babu Bombus, wannan baƙar da muke kora tana cikin manyan masu yi mana shi kyauta. Wake ma haka, duk da yana iya ɗaukar 'ya'ya da kansa, furensa a rufe yake sai ƙwaro mai nauyi ya sauka ya danna sannan ya buɗe, masu bincike a Kamaru wajen Ngaundare sun bi Xylocopa olivacea a gonakin wake sun ga inda take zuwa an fi samun kwanso da ƙwaya. A Barazil har gungumen itace manoma ke ajiye musu a gona don su zauna.

Ba wai ba ta da nata halin ba, in ta samu fure mai dogon wuya wanda bakinta ba ya kaiwa sai ta tsaga shi ta gindi ta sha ta tafi ba ta yi barbarar komai ba. Amma in aka auna, amfaninta ya rinjayi ɓarnarta nesa, ita ɓarnar kuma da fenti ake maganinta.

Maman Yara Runjin Sambo:

Malam Allah ya ƙara ilimi, wallahi na ji daɗin bayanin ga. Ni ina da zogale bayan ɗaki da 'yan gauta cikin tsohin bokitai, in zogalen nan ya yi hure tun da sassahe suke zuwa, ina shara ƙarƙashi suna bisa kaina shekara da shekaru ba wadda ta taɓa kula ni. Yaro guda ne na san ta harba cikin unguwarmu, shi ma tsinke ya ɗauka shina tsokanar ramin har ya kai yatsa, ya kumbura ya yi kuka, anka wanke da sabulu anka ɗora ƙanƙara washegari ya sace. Amma dan Allah iyaye a kula, in an harbi mutum sai huska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko jiri ya kama shi, wannan ba na zaman gida ba ne, asibiti kai tsaye, akwai waɗanda jininsu bai ɗaukar dahin ƙudan zuma kowane iri ne.

Ni abin da ya tayar min da hankali cikin maganar taka ƙanena Ɗan Mabera fiya-fiyar nan ce. Ka ce nan yara ka karatu nan tsohuwa ka kwanciya, sannan a ɗura guba bisa kansu cikin ramin da bakinshi ƙasa yaka kallo? Ai ɗigowa za ta yi bisa tabarmar, ga warin cikin zahin ga. Maganin gona ne fa ba na ɗaki ba, tun 2019 hukumar NAFDAC ta sa takunkumi kan sayar da shi barkatai saboda yadda yaka kashe mutane, mu dai mun maida shi abin wasa ne. Tsakanin ƙudan nan da kwalbar nan wallahi kwalbar na hi tsoro a gidan da ke da ɗiya ƙanana.

Kuma tsohuwa ba daga kanta ta faɗa ba, akwai hadisin Ibn Abbas da anka hana kashe abu huɗu, tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda da tsuntsun da ake kira suradi, tun muna Islamiyya munka karanta shi. Tunda akwai hanyar kare rumfar ba tare da kisa ba ai sai a bi ta. Ka tara yaran ka nuna musu rawayan ka ce ba ya harbi, baƙar kuma ba a taɓa ɗakinta, yara in an yi musu bayani suna ji.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai jama'a, Hajiya na ji kuma na bar zancen fiya-fiya. Na bi raftan da guduma yadda Malam Kafinta ya ce, guda ne ya yi amon holoƙo sauran da ƙwarinsu. To amma Malamin Gona in na toshe ramukan yanzu ba na rufe ƙwai da tsutsar ciki ba ke nan? Kuma in na kore su nan ba ɗakin maƙwabci za su koma ba?

Malamin Gona:

Tambaya mai kyau. In ka toshe alhali akwai rai a ciki abu biyu ne, ko su mutu ko waɗanda suka ƙyanƙyashe su huda sabuwar ƙofa su fito, ka ƙara wa kanka rami. Daga ƙwai zuwa ƙudan da ya isa tashi wata ɗaya da 'yan kai ne zuwa biyu, don haka ba gaggawa. Raftan da ya lalace ɗin a cire shi a hankali kar a tsaga kar a sa a murhu, a kai shi bayan gida ko gona a rataye a inuwa yadda yake a da, ƙofofin na kallon ƙasa, in da hali a yi da dare lokacin da iyayen ke ciki, sai a cusa tsumma a ƙofar a cire in an isa. Sauran ramukan ka sa ido, wanda ka ga ba gari a ƙarƙashinsa ba shiga ba fita na tsawon lokaci, ka cusa 'yar takarda sako-sako, in ta kwana biyu ba a turo ta ba to ba kowa, sai fegi da gam. Amma sauran jikin katakon yau ma kana iya shafe shi, ba sai ka jira ba, ka bar bakin ramukan da ke da rai kawai.

Maganar maƙwabci kuwa, gida suke nema, da can busassun rassa da kututture a daji suke shiga, yanzu an sare an yi itacen girki da gawayi, gari kuma ya cinye gonakin da ke kewaye, dole su shigo rumfa. Ka samu guntayen farin katako masu kauri da busasshiyar gora ka ɗaure nesa da inda ake zama, wurin da ruwa ba ya duka, in sun samu mai taushi ba fenti ba za su wahalar da kansu kan mai fenti ba.

Kafintan Gidan Igwai:

To Malam na karɓa, in dai za a canza ruɓaɓɓen kahin damina ni ba ni da ja. Guntaye kuwa ga su nan shago muna zubarwa, mai so ya zo ya ɗiba. Abu guda, in za a shafa a bi kan katakon inda zarto ya yanka da kuma tsohin ramukan ƙusa, nan suka hwarawa, kuma shafa biyu ake yi ba guda ba. Ƙarƙashin rumfar da ake zama fenti ya hi baƙin mai, shi baƙin mai in rana ta buga wari yaka yi shina tsatsowa.

Baba na Kwalkwalawa:

Assalamu alaikum ɗiyana, jikana ne ya karanta mani zancen ga na ce ya rubuta mani amsa. Ni noman hwadama nika yi bakin gulbin Rima tun ina saurayi, gauta da tumatir da tattasai da rani, gero da wake da damina. Wagga baƙar ƙuda mun tashi mun iske ta cikin garka, ga ginshiƙin rumbu taka gida da iccen bukka, iyayenmu ba su taɓa cewa a kashe ta ba. In ka shiga garkar gauta da hantsi kana jin ƙugin ta ko'ina, kuma duk inda tumfafiya ta yi hure nan za ka same ta, ban san wani ƙwaro da ka son huren tumfafiya kamarta ba.

Abin da nika so in hwaɗa, ku na cikin gari rafta guda kuka magana, mu nan abin da ka ƙarar da su heshi ne. Yaran yanzu da sun ga hure sai su goya famfo tun da sahe su bi gona, daidai lokacin da huren wake ya buɗe ƙudan na bisa, in ka bi bayansu kana tsintar su ƙasa kwance. Huren wake da sassahe yaka buɗewa, kahin rana ta take ya ruhe. Ba ni ce a bar heshi ba, wanda ya bar wake ba magani tsutsa ce za ta ci, amma mi za ya hana a bari sai la'asar sakaliya in sun koma gida iska kuma ta kwanta? Maganin guda ne kuɗin guda ne. Na sha hwaɗa ma na kusa da ni, wasu su ji wasu su ce zancen tsohi ne. Jikan nawa ya ce akwai irin waken da cibiyar binciken noma ta Samaru Zariya ta hitar a 2019, SAMPEA 20-T, wanda tsutsar kwanso ba ta ci kuma heshi biyu ya ishe shi, in haka ne wanga ma sauƙi ne gare mu da su baki ɗaya.

Kuma in ana sharar gona a daina ƙone kowane busasshen kututture, a bar guda biyu bakin iyaka. Malamin Gona in kuna da lokaci ku yi muna bayani kan albasar iri, ita kuma ƙananan ƙudaje da masu zuma nika gani bisa kanta ba wagga ba, kuma bana kawunan da yawa ba su cika ƙwaya ba.